Idwal da Ƙofar Tumaki Uku

An ce wai Idwal Pugh, ɗan gwaggona, ya auri ƙofa, har fasto ya sa musu albarka. Ƙarya ce tsagwaronta! Ni ne na fara yaɗa ta, don haka na fi kowa sani. Ba a ɗaura aure ba, zaman soyayya kawai suka yi na shekara arba'in.

Ƙofar nan ta masaukin Tumaki Uku ce, a tsakiyar ƙauyenmu, kan tsohuwar hanyar zuwa garin Caergybi. Murfi biyu ne na katakon gargajiya, kowanne ya fi saniya mai ciki nauyi, a bakin doguwar rumfar dutse inda keken dawakin matafiya ke kutsawa tsakar gida a zamanin kakannin kakanni. Har yau akwai gurbin da ƙafafun keken suka ci a jikin dutsen. Keken ya daina zuwa tun da jirgin ƙasa ya shigo, amma babu wanda ya iya gaya wa Idwal. Kullum da safe sai ya wangale ƙofar, ya shafa wa maƙallanta kitsen agwagwa, ya leƙa hanya hagu da dama. Ko ranar da matata Eurwen ta tattara kayanta ta koma birnin Caerdydd, da na je masa da kukana, cewa ya yi: "Riƙe min gwangwanin kitsen nan tukuna."

Mai masaukin, Meurig, abokinsa ne tun suna satar tuffa a gonar fasto. Da masu kula da tsofaffin gine-gine suka zo dubawa, sai Meurig ya tura Idwal gaba, ya sa masa hula da kwat. Idwal ya nuna musu kowace ƙusa, ya yi bayani har kumfar baki. Meurig ya dafa ƙofar a gaban kowa ya ce: "Muddin ina numfashi, babu mai taɓa ta."

Bara da bazara sai ga Meurig da fara'a.

"Idwal, ɗan'uwa, ka tsufa a bakin ƙofar nan kamar gansakuka. Je ka bakin teku ka huta mako guda, na biya komai."

"Wa zai shafa kitsen?"

"Ni da hannuna."

Idwal, wanda bai taɓa kwana a wajen ƙauye ba, ya tafi yana ta godiya. Har alewa ya sayo wa Meurig tsaraba.

Ya dawo ya tarar da gilashi. An toshe rumfar gaba da baya, an jera tebura, baƙi na cin naman rago a daidai inda dawakai ke fitsari a da. Ƙofar kuwa an loda ta a mota, wani attajirin Landan ya saye. Meurig ya ce ai gara ce ta cinye ta, kuma ya ƙi haɗa ido da shi.  Idwal ya ajiye alewar a kan tebur, ya juya.

Yanzu a bencin da ke tsallaken titi yake wuni, da makeken mabuɗin ƙofar na ƙarfe a aljihu. Bai sake taka masaukin ba, ko gaisuwar Meurig ba ya amsawa.

Ran Asabar na zauna kusa da shi na ce: "Ango, ina labarin amarya? An ce tana Landan, ta yi ƙiba, ta manta da kai."

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Tawa sai da aka kore ni daga gari, ƙarti shida suka ciccibe ta tana kuka. Taka fa, Tegid? Da ƙafarta ta fita da rana tsaka, ko ƙusa ɗaya ba a cire ba."