Marubutan Katun Ba Su da Rumfa

A shekarun da nake koyarwa a firamaren garinmu, kusa da Ɗambatta, ina kuma rubuta wa wani ƙaramin kamfani a Kano labaran katun na yara. In an tashi daga makaranta na leƙa gona, sai in zauna a zaure in rubuta a waya in tura. Mu biyu ke riƙe da shirin, ni da wani dattijo mutumin wajen Shanono. Ya girme ni nesa ba kusa ba, ya kuma fi ni iya sa jakin da shi ne tauraron shirin ya yi magana har yara su riƙe ciki don dariya. Malam nake ce masa.

Wata damina, ana tsakiyar noman farko, mai kamfanin ya kira shi Kano don ya zauna da masu ɗaukar murya. A hanya tayar bas ɗinsu ta fashe. Malam ya tsira da rai, amma ya karye a cinya da hannun dama.

Na je duba shi a gida. Yana kwance a kan tabarma, an ɗaure hannun da karare, ɗakin sai ƙaurin man da mai ɗori yake shafa masa. Ko maganar ciwon bai yi mini ba.

"An ce an ba wani gurbina," ya ce. "Gaskiya ne?"

Gaskiya ne, ni ne ma aka fara gaya wa. Na ce, "Malam, ka dai warke tukuna."

"To, na ji amsar."

Abin ya tsaya mini a rai. Ranar Asabar na shiga mota zuwa Kano, na nemi ofishin wata ƙungiya ta marubutan fim. Sakatarensu mutumin kirki ne, ya saurare ni har na gama.

"Wallahi na tausaya masa," ya ce. "Da fim na mutane yake rubutawa, da yau ɗin nan mun je mun sami mai kamfanin. Amma dokarmu ba ta ambaci katun ba. Ka gwada wajen masu zane."

Na je wajen masu zanen. Shugabansu ya tambaye ni ko muna zane. Na ce a'a, rubutu muke yi. Ya buɗe hannuwa ya ce, "To ai ka gani."

Da na dawo gida na nemo lambobin sauran masu irin aikinmu, na buɗe mana zauren hira a waya. Ba mu da yawa, kowa kuma yana ƙauyensu ko unguwarsu, ba mu ma san fuskar juna ba. Abin da na kawo kaɗan ne: kada a sake sallamar mutum yana kwance, kuma wanda ya ji ciwo a kan hanyar aiki kada a bar shi da iyalinsa kawai. Da farko kowa ya ce haka ne.

Ban san wanda ya kai wa kamfanin maganar ba. Ina cikin gona mai kamfanin ya kira ni.

"Malam, na ji ka zama shugaba."

Na ce, "Alhaji, ba shugabanci ba ne. Hakkin mutum ne."

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba ma. "Yaran da suke kallo ba su san ka ba, ba su san shi ba. Jakin suka sani."

Daga ranar bai ƙara neman labari a wurina ba. Bai kore ni ba, don dama ba a taɓa ɗaukata aiki ba.

Da kaka Malam ya fara takawa da sanda. Hannun bai ɗoru daidai ba, ba ya riƙe fartanya, waya ma da ƙyar. Maƙwabta ne suka yi masa gayya suka girbe geronsa. Da na koma gaishe shi, ya ce in bar maganar nan in je in ba Alhaji haƙuri.

"Kana da iyali," ya ce. "Ni tawa ta riga ta faru."

Ban je ba. Ban kuma san ko daidai na yi ba, don gidana ya ji a jikinsa.

'Yan zauren suka yi ta fita ɗaya bayan ɗaya, ban ga laifin kowa ba. Wata marubuciya ce daga Zakirai ta rage. Kwanakin baya ta ce ta ji ƙungiyar marubutan za ta zauna gyaran dokarta, ko za mu je mu sake magana? Na ce mata to. Har yanzu ba mu sa rana ba.