Barista Falmata da Sunan Ɗan Fari

A Ƙofar Na'isa in kana neman gidan Barista Falmata Usman, ka ce gidan Ina-yake, za a nuna maka. 'Yan sanda ne suka laƙaba mata sunan, don duk caji ofis ɗin da ta shiga, ba ta gama sallama take tambayar ina wane yake. Jikar Barebari ce. Mahaifinta malamin allo ne, ya so ta tsaya a sauka, ita kuwa ta sauke ta wuce jami'a. Da shari'ar filaye ta fara, ta ce ta gaji da rigimar katanga, ta koma bin mutanen da aka tsare ba a kai su kotu ba. Shekara da shekaru ke nan tana zagayen caji ofis da gidan yari a adaidaita sahu. Ta sha maka 'yan sanda a kotu, amma in sun gan ta su ne da gaisuwa har da tambayar mutanen gida.

Wata safiya wata tsohuwa daga Jakara, Baba Larai, ta zo mata. An yi kame a unguwarsu bayan rigimar samari, aka haɗa da ɗanta, baduku, yana dawowa daga kasuwar Kurmi. Ta je caji ofis nemansa, an ce ba ya nan. Falmata ta tambayi sunansa. Tsohuwa ta sunkuyar da kai, ta ce ai yaron nan ne, babban. Ɗan fari ne, tunda ta haife shi kunya ba ta bar ta ta furta sunansa ba, ga shi har furfura ta fara fito masa a gemu. Ashe ko a gaban 'yan sandan ma "yaron nan" ta yi ta cewa. Sai da aka buga wa ƙanwarsa waya aka ji Mikail ne.

A ofishin, sajan da ke kan kanta ya rantse babu wani Mikail a wurinsu. Falmata ta san irin wannan rantsuwar. In an taɓa lafiyar mutum, ɓoye shi ake yi sai kumburi ya sauka, ko a mayar da shi wani ofishin, daga nan kuma nemansa ya zama aiki. Ta kuma san ana ja wa na ciki kunne kada su amsa wa lauya. Ta ja tsohuwa gefe.

"Baba, ke za ki kira shi."

"Ni? A gaban maza? Haba 'yar nan, ki kira shi mana, ba aikinki ba ne?"

"Bai san muryata ba. In mota ta zo ta kwashe su, ni da ke sai mu gama Kano ba mu gan shi ba."

Sajan ya ce su tuna nan ba gidan biki ba ne. Baba Larai ta gyara mayafi, ta juya wa kowa baya, ta fuskanci bango. Kiran farko ko Falmata da ke kusa da ita da kyar ta ji. Na biyu kuwa har mai sayar da lemo a bakin ƙofa sai da ya waiwayo.

Can daga ciki wata murya ta ce, "Na'am. Inna, wai ke ce?"

Nan take sajan ya tuna cewa, au, badukun nan suke nufi, ai da sun faɗa tun farko.

Aka fito da Mikail ido ɗaya a kumbure. Falmata ta ɗauki hotonsa da waya, ta tsaya kai da fata sai da aka ba da belinsa, ta gaya wa sajan ya gaishe da mai wannan aikin, za su haɗu a kotu. Ta tsayar wa uwa da ɗa adaidaita, ta ce asibiti za su fara biyawa. Ita kuwa ta koma ciki, don sanda aka buɗe ɗakin da ake tsare mutane ta hango wasu kawuna a zaune. Ta ce wa sajan su fara da na bakin ƙofar ɗakin.