Dona Graciete da Alhamis ɗin Kawu Amílcar

Da hantsi, lokacin da masu mashaya ke sauke kujeru daga kan tebura suna goge kanta, lokacin ne farar motar kayan Dona Graciete ke tsayawa a bakin titi, taya ɗaya a kan dakali. Za ta fito tana dafe da gwiwa, ta shiga, ta shanye gahawarta a tsaye. Ba ta taɓa zancen da ya kawo ta sai ta tambayi mai shago lafiyar iyalinsa da ciwon bayansa. Sannan ta ture kofin gefe ta ce, "To, Senhor, wace rana ce ta fi mutuwa a shagon nan? Ita na zo nema."

Sana'arta ke nan shekara ashirin da ɗoriya a garin nan namu na bakin kogin Sado. Karaoke take kai wa mashaya da gidajen gahawa da zaurukan ƙungiyoyi. Ta kafa lasifika biyu da allo, kiɗa ya tashi babu mawaƙi, baitoci na bi ta kan allon, duk mai so ya karɓi makirufo ya rera. A kan kuɗi ba ta da gardama. Sharaɗinta guda ne, kuma a kansa ko dutse ya fi ta laushi: "Ranar da ka ba ni ta fita hannunka, ta zama ta mutane. Kowane mako ce. Ba a ɗaga ta don ƙwallo, ba a ɗaga ta don ruwan sama, ba a ɗaga ta don surukarka ta zo gari."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban saba da shi ba, wata magana ce da na ji a kasuwar kifi. Dona Graciete ta wuce da motarta, sai wani ƙato mai tumbi ya taɓa na kusa da shi ya ce, "Ga mai akwatin hayaniya can. Wai ita ma sana'a take yi." Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wannan ba rashin sani ba ne, butulci ne, don da idona na ga mutumin nan yana kuka da majina a makirufonta makon da matarsa ta bar shi.

Bari in faɗa muku abin da ke cikin akwatin hayaniyar.

Duk wanda ya taɓa zama a wurinta ya san ita ke buɗe fage, kuma ya san yadda take buɗe shi: da murya kamar ana jan tebur a kan siminti. Ta riga kiɗa, kiɗa ya riga ta, ta haura inda ya kamata ta sauka. Shekaru muna tausaya mata. Sai ranar jana'izar mijinta, a coci, ta miƙe ta rera masa waƙar ban kwana, muka ji abin da ya sa tsigar jikinmu ta tashi. Ashe murya ce da ita kamar ruwan sanyi. Bayan an kwana biyu wata maƙwabciyarta ta ce mata, "Ke Graciete, ashe munafuka ce ke?" Ta ce, "In na fara da mai daɗi, wane mai gyaran raga ne zai yarda ya biyo bayana?"

Ba ta kuma yarda a yi wa mai waƙa dariya. Quim mai sanƙo ya gwada sau ɗaya, lokacin da wata tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin kifin gwangwani ke fama da wata waƙar soyayya. Dona Graciete ta bari aka gama, ta tako har teburinsa ta ɗora masa makirufo a kan ciki. "Na ga bakinka na ƙaiƙayi, Quim. Ga magani." Ya ce maƙogwaronsa na ciwo. Ta ce, "Da kake dariya lafiyarsa ƙalau." Sai da ya yi waƙar, gumi na gangarowa daga sanƙon. Yau shi ne ba a iya ƙwace makirufo daga hannunsa.

Amma duk wannan ba shi ne ya hana ni barci ba. Zancen Kawu Amílcar ne.

Kawu Amílcar makanikin injin jiragen kamun kifi ne, mutum mai surutu kamar rediyo, har ranar da ɓarin jikinsa ya shanye. Ya tashi daga jinya hannun dama ya mutu, magana kuma ta tafi, sai kalma biyu ko uku a karkace. Matarsa Dona Ilda ta riƙa kawo shi shagon Belmiro ranar Alhamis, ranar da Dona Graciete ke kafa kayanta a can, don kawai ya ga mutane. Wata Alhamis aka sa wata tsohuwar waƙar bege irin ta ƙasarmu da ake kira fado, mai baiti uku, wadda ya riƙa yi wa Dona Ilda a bakin taga suna samari. Dona Graciete ce ta lura leɓensa na motsi. Ta durƙusa a gabansa da gwiwoyin nan nata marasa lafiya, ta riƙe masa makirufo a baki. Mutumin da ba ya iya cewa a ba shi ruwa ya rera baiti uku cur, kalma ba ta faɗi ba. Dona Ilda ta toshe baki da gyalenta. Tun daga ranar, kowace Alhamis, matar nan na jin muryar mijinta. Sauran kwanakin mako shiru ne a gidan.

Ana nan, ƙafafun Belmiro suka kumbura, ya miƙa shagon ga surukinsa Rúben, yaro mai gyaran gemu da agogo ƙato. Yaron ya rataya talabijin mai faɗin ƙofa a bango. Ina zaune a wurin ranar da ya tare Dona Graciete.

"Dona Graciete, ki duba mana. Tsofaffin nan gahawa ɗaya suke sha su shekara a kujera. Alhamis kuma akwai ƙwallon Turai. Ga abin da za a yi: na ba ki Asabar ɗin lokacin zafi, gari cike da baƙi, ki sa musu waƙoƙin ƙasarsu. Za ki fi samu, ni ma in fi samu."

"Kawu Amílcar fa?"

"Ya zo Asabar mana, wa ya hana shi?"

"Ya yi wata uku yana waƙa cikin masu gajeren wando, sannan ya rufe baki har shekara ta zagayo?"

"Haba Dona, ni ba asibiti na buɗe ba."

Ta dube shi daga gemu har takalmi. "Gaskiya ne, ɗana. Asibiti ana fita da sauƙi." Ta cire allon sanarwarta daga jikin ƙofa ta sa a hammata ta fita.

Inuwar giginya, na nesa ka sha! Rúben dai yaro ne, kwaɗayi ya ja shi. Waɗanda na fi jin haushi su ne manyan banza da suka zauna a wurin suka yi tsit, mutanen da matar nan ta koya wa buɗe baki, Alhamis ta zagayo suka dawo suka jera wuya suna kallon ƙwallo kamar ba a yi komai ba. Sun san kansu. Ni dai tun ranar ƙafata ba ta sake taka shagon ba.

Daga nan ta shiga gari. Sauran ranakunta na nan a wasu wurare, ba yunwa ce ta kore ta ba. Alhamis take nema, kuma kusa, inda Dona Ilda za ta iya tura mijinta a keken guragunsa. Wani mai shago ya ce maƙwabta za su kai shi ƙara. Wani ya ce shi yanzu ya sayi na'urarsa, kowa ya danna da kansa. Ta ce masa, "Na'urar taka tana durƙusawa?" Bai gane ba. Wani kuma ya ce ya yarda, amma mako ɗaya a yi, mako ɗaya a huta. Ta ƙi.

A nan ne wasu suka ce taurin kanta ya yi yawa, har Dona Ilda ta je ta same ta da hawaye. "Graciete, ki karɓa mana. Da babu gara ba daɗi." Ta kama hannunta ta ce, "Ilda, mijinki ya san Alhamis, amma bai san wannan da waccan ba. Kina so rabin Alhamis ɗin duniya ya sa riga ya zauna a bakin ƙofa yana jiran abin da ba zai zo ba?" Abin da ke faruwa kuwa ke nan tun da aka rufe musu ƙofa. Kowace Alhamis da la'asar sai ya nuna farar rigarsa da hannun hagu, a sa masa, a taje masa kai, ya zauna yana kallon titi. Ba shi da bakin tambaya, ita kuma ba ta da amsa.

Dona Graciete ta gwada kai masa kayan har falonsa. Ta kafa komai, ta sa waƙar. Ya dubi kabad, ya dubi matan biyu, ya kawar da kai. Namiji irin Amílcar ba ya yi wa kabad waƙa. Jama'a yake so.

Sanyi ya shigo ya fita tana yawo. Daga ƙarshe ta hau benen ƙungiyar masu tseren tattabaru, wurin da ko a mafarki ba wanda ya taɓa kawo shi, ta sami shugabansu Senhor Abílio, tsoho mai nauyin kunne da ya fi ta taurin kai.

"Tattabaru ba sa son hayaniya," in ji shi.

"Senhor Abílio, tattabarunku na kan rufin gidajenku. A zauren nan ranar Alhamis kwanduna ne kawai."

"Me kika ce?"

"Na ce kwanduna ba su da kunne!"

"Kamar ni ke nan." Ya sosa ƙeya. "Sau ɗaya za a yi?"

"Kowane mako. Ba a ɗagawa, ko duniya za ta tashi."

Nan fa tsohon ya gyara zama. "Yanzu kika yi magana. Tsuntsu ma in kana canja masa ɗaki, wata rana ba zai dawo ba. Amma a gama kafin rana ta faɗi, mutanena na da ɗakunan tattabaru da za su rufe. Kuma kada a ce in yi waƙa."

Alhamis ta farko, maza huɗu suka ɗauki Kawu Amílcar da kekensa suka hau da shi bene. Zauren na warin dawa da kashin tsuntsu. Aka sa waƙarsa, Dona Graciete ta durƙusa. Baiti na farko ya fito, muryar ta dushe amma ta fito. Aka zo na biyu, leɓe na motsi, babu komai. Ya ƙura wa allon ido, ya juyo ya dubi matarsa. Dona Graciete ba ta tsayar da kiɗan ba, ba ta kuma janye makirufon ba. Sai Dona Ilda, wadda ba a taɓa jin ta yi waƙa ko a wurin wanki ba, ta dafa kafaɗarsa ta rera baitin da 'yar siririyar murya mai karkarwa. Da aka shiga na uku ya karɓa, ya kai shi ƙarshe.

Har yau da nake wannan rubutu baiti na biyu bai dawo ba. Watannin shirun nan sun tafi da shi. Ban ce wa kowa ya biya ba, don ba a sayar da irinsa a kasuwa. Amma yana wuyan wasu, kuma ina so su sani cewa an sani.

Dona Graciete, ke ce uwar marasa murya. Ke ce kika ɓoye zinariyarki don masu tagulla su fito fili. An ba ki Asabar mai maiƙo kika bar ta saboda tsoho guda da ba zai iya ce miki na gode ba. To, ni na ce a madadinsa, da madadin Ilda, da duk wanda ya taɓa shiga wurinki da ƙunci ya fita yana fito. Mun gode. Allah ya ba gwiwoyinki lafiya, ya sa ki gama da duniya lafiya. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ku kuma masu shaguna, in ta tsaya a ƙofarku, ku ba ta matacciyar ranarku, in kun bayar kuma ku riƙe alkawari, don ba ku san wa ke sa farar riga saboda ita ba. Sauran jama'a, ba lambar yabo na ce ku ƙera mata ba, ba ta da inda za ta rataya. Benen masu tattabaru na da tsawo, lasifikan na da nauyi, matar nan kuma ta haura sittin. Mai ƙarfin baya ya zo da wuri ranar Alhamis ya ɗauka. Wanda ba shi da baya ya zo da bakinsa, ya koyi baiti na biyu, don muryar Ilda ba ta kai ƙarshen zaure, kuma bai kamata a bar ta tana yin sa ita kaɗai ba.