Ƙasar da Kakana Ya Aika Birni

Jiya da hantsi ina zaune a tsakar gida sai na ji Baba yana juya ƙasa a cikin bokiti. Tun ranar da 'yan bindiga suka tare motar da ke gabanmu a hanyar Beri, muka juyo da ƙyar, ko murfin tukunya ne ya faɗi sai in zabura. Amma wannan ƙarar ba ta firgita ni ba. Sai ma ta mayar da ni shekarun da nake firamare.

Gonarmu tana bayan gida, a gefen Kontagora. A lokacin ta gaji. Masara takan fito siririya, ganyen ya yi ɗorawa tun kafin ta yi goyo, komai takin da aka zuba mata. Baba ya fara maganar barinta, ya bi abokansa su sari sabon daji can wajen Mariga, inda mutum kan tafi tun shuka ba a ganinsa sai girbi. Inna kuwa, na lura tuwonta ya daina daɗi.

Ana cikin haka malamin gona ya zo ƙofar mai unguwa, ya raba ledoji, ya ce kowa ya ɗebo ƙasar gonarsa a kai birni a gwada. Baba yana Nasko ranar, don haka kakana ne ya karɓo tamu. Ya ce in rako shi, wai amarya ba ta barin angonta ya fita shi kaɗai. Haka yake tsokanata kullum, ni kuma in ce na fasa auren tunda ba shi da haƙora.

Muka ratsa gonar duka, ƙasa fara kamar toka, ko tsayawa bai yi ba. Sai can ƙarshe, inda shanun Fulani suka kwana da rani, ya durƙusa ya cika ledar da baƙar ƙasa mai laushi da ƙamshi. Na tambaye shi dalili.

"Ƙasar gidanmu za ta shiga gaban malamai, sai in aika musu wadda za su yi mana dariya? Ke in baƙo ya zo, ƙanzo kike ba shi?"

Sakamako ya dawo cewa gonarmu lafiya lau take, taki kaɗan ya ishe ta. Kakana ya yi ta ba da labari a bakin masallaci. Baba ya bi shawarar, ya rage taki. A daminar nan kuwa ko rabin rumbu ba mu samu ba. Baba ya wasa gatarinsa, ya ce shi da gwajin ƙasa har abada.

Ni ce na yi suɓutar baki, da malamin ya dawo yana ta mamaki. Na nuna masa inda muka ɗebo, na kuma faɗa masa abin da kakana ya ce. Sai ya russuna gaban kakana.

"Baba, ai mu ba baƙi ba ne, asibiti ne. Inda ke ciwo ake nuna mana."

Kakana ya yi dariya har da tari, ya roƙi Baba ya ƙara wa gonar damina ɗaya don darajarsa. Wannan karon Baba da malamin suka bi ta lungu-lungu, suna ɗiba nan da can, aka haɗa a bokiti aka cakuɗa. Aka ce ƙasar ta yi tsami kuma tana jin yunwa: a kawo takin gargajiya, a binne na zamani kada a watsa, a riƙa sauya masara da waken suya. Ba a shekara ɗaya ta farfaɗo ba, amma ta farfaɗo, gatarin kuma ya koma faskare.

Kakana ya rasu, Allah ya jiƙansa. Yanzu ba sai an roƙi kowa ba, maƙwabtanmu da kansu suke neman malamin kafin ruwa ya sauka. Gonakin dajin nan kuwa ciyawa ta cinye su, ba mai iya zuwa saboda 'yan bindiga, wasu daga cikin abokan Baba har yau ba a san inda suke ba. Tsoro bai gama sakina ba, ba zan ɓoye muku ba. Amma bana ma a bayan gida Baba zai yi noma, inda in Inna ta ɗaga murya ta ce abinci ya sauka, zai ji.