Gas a Fadamar Bappa Isyaku: Jinjina ga Abdulsalami Dabo

Da an sallame sallar Asuba, in ka bi ta bayan sakatariyar Karaye, za ka tarar da Abdulsalami Dabo a tsugune cikin lambunsa yana murza ƙasa da yatsu. Ya murza, ya shinshina, wani lokacin har ya ɗanɗana. Daga nan ya sha kunu, ya hau tsohon babur ɗinsa ya zaga gaishe-gaishe, ya dawo kafin rana ta take. Bana ya yi ritaya daga wani kamfanin neman iskar gas a Fatakwal, amma in ka tambayi mutanen Tudun Kaya, inda aka haife shi, aikin da ya yi, sai su ce maka injiniya ne. Iyakar saninsu ke nan.

Ni taubashinsa ne, uwata ƙanwar ubansa ce, don haka ba ya da hanyar guje wa tambayata. Wata rana na tsare shi na ce, "Kai wai shekarun nan rijiya kake haƙa wa mutane a Kudu?"

Ya yi dariya ya ce, "Ko diga ban taɓa riƙewa ba. Malamin makaranta ne ni, sai dai ɗalibata na'ura ce."

Ga yadda na fahimci abin, bayan na sa shi ya maimaita har ya gaji. Masu neman gas sukan tayar da nakiya a ƙasa. Ƙarar ta nutsa, ta bugi duwatsun da ke can ƙarƙashi ta dawo, wasu na'urori su zana ta a matsayin layuka masu karkacewa. Rijiyoyin da aka riga aka haƙa kuwa, an zura musu ma'auni, an san abin da ke kowane zurfi. A farkon shekarun 1990 kamfaninsu ya kawo kwamfuta da aka ce tana iya koyo, aka ɗora shi a kanta. Sai ya nuna mata layukan wani wuri, ta yi hasashen ko akwai gas, ya duba abin da rijiyar wurin ta nuna, ya gyara mata, ya sake kawo wani. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru.

Na ce, "To ta yaya ƙarfe zai koya?"

Ya ce, "Kai wa ya zaunar da kai ya karanta maka siffar saniya mai ciwo? Nuna mana aka yi ta yi, wannan lafiya, wannan ba lafiya, har ido ya saba."

Lukumanu, wani ɗan Rogo da suka yi aiki tare, ya ƙara mini da abin da shi bai faɗa ba. Ya ce rijiyoyin da aka haƙa aka tarar da su fayau, ba mai son tuna su, bayanansu na jibge a ɗakin ajiya. Abdulsalami ne ya ɗauki wahalar zaƙulo su, ya tsefe, ya ɗura wa na'urar. Dalilinsa shi ne, in ba ta taɓa ganin wurin da babu ba, duk inda aka nuna mata za ta ce akwai. Ba a ba shi lambar yabo a kan wannan ba, don ba a yin biki saboda ramin da aka fasa haƙawa.

Abin da ya sa nake wannan rubutu, a gida ya faru, a gabana. Shekarar da ruwan sabuwar madatsa ya kwanta, ya shanye gefen fadamar Bappa Isyaku, ƙanin mahaifin Abdulsalami, wanda ya riƙe shi tun yana maraya. Da ruwan ya ɗan ja, sai aka ga kumfa tana tasowa daga laka. Wani makiyayi ya ƙyasta ashana, wuta shuɗiya ta tashi a kan ruwa. Kafin la'asar duk Tudun Kaya ta ji cewa an sami gas. Bappa ya hana kowa taɓa fadamar, ya ce gwamnati na tafe. Ga shi lokacin dashen rake ne, an riga an saro iri an jibge a inuwa yana ta bushewa, kuma da raken nan gidan yake ci har wata shekara. Aka aika wa Abdulsalami ya zo.

Wanda ya san gidanmu ya san inda matsalar take. A wajenmu ɗa ba ya kallon idon bappansa, balle ya ce masa ya yi kuskure. Abdulsalami ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, aka yi ta gaisuwa, gajiya da iyali da shanu da mutanen Fatakwal. Sannan Bappa ya ce, "Salami, abin da ka tafi nema Kudu, Allah ya kawo shi ƙofar gida. Ka sa na'urar taka ta duba mana."

Ya ce, "To, Bappa."

A zaure Sulle, babban ɗan Bappa, ya riƙe masa hannun riga. "Hamma, don Allah ka ce masa ka tambaye ta, ta ce babu. Maganarmu ba ya ji, ta na'ura zai ji."

Abdulsalami ya ce, "Ban tambaye ta ba, Sulle. Ko na tambaye ta, ƙasar bakin teku aka nuna mata, ba ta san tamu ba. Ni dai na san ƙarƙashinmu dutse ne zalla, irin wanda ba ya riƙe gas. Amma ba zan yi wa Bappa ƙarya da sunanta ba."

Na zuba ido in ga ta inda zai ɓullo, don ni ban ga ƙofa ba. Sai ya koma ya roƙi Bappa alfarma. Ya ce ba a yanke hukunci da wuri guda, sai an kwatanta da wasu, kuma ba wanda ya kai Bappa sanin ruwayen da ke tsakanin Karaye da Rogo tun zamanin da yake kiwo. Tsoho ya ji daɗi, ya ɗauki sandarsa. Washegari muka ɗauki a-kori-kura, da kwalba da mazurari da ashana.

Muka fara da wani rafi mai yashi fari tas. Kafin a taɓa ruwan, Abdulsalami ya ce, "Bappa, a ganinku nan wuta za ta kama?" Bappa ya ce za ta kama. Ya caka sanda, ko kumfa ba ta taso ba. Muka wuce wani kududdufi a bayan Rogo inda ake zubar da shara. Bappa ya toshe hanci ya ce haba, gas ba zai zauna a ƙazanta ba. Aka tara kumfar a kwalba, aka ƙyasta, wuta ta kama fau. Sai Abdulsalami ya ce, "Ina kuma za mu, Bappa?" Ramin da aka ɗebi tsakuwar titi, babu. Mashayar shanu a gefen burtali, akwai. Tun daga nan Bappa ya daina kuskure. Kafin mu sauko daga mota ya kalli launin laka ya faɗi amsa, kuma kowace amsa muryarsa ƙara yin ƙasa take. Wallahi ya ba ni tausayi.

Da muka dawo Bappa bai shiga gida ba. Ya zagaya bayan garkensa, inda ruwa ke kwanciya da kashin shanu, ya caka sanda. Kumfa ta taso. Na miƙa ashana, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Ashe ruɓa ce kawai." Ya juya ya ɗaga murya, "Sulle! A kwashi irin nan a kai fadama." Kusan rabin irin ya riga ya mutu, amma abin da ya saura ya riƙe gidan.

Kai ne, taubashi, mai haƙurin nuni, wanda bai raina ɗalibi ba, na ƙarfe ne ko mai furfura. Da ka bi shawarar Sulle, da an dasa raken nan da wuri, amma da tsoho ya ci gaba da zargin cewa wata na'ura a Kudu ta danne masa arziki. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka ci moriyar hutunka. Ku kuma masu ilimin zamani da ke dawowa gida, kafin ku ce wa manya "bincike ya nuna", ku gwada ɗaukarsu ku je su gani.

Bappa Isyaku ya rasu bara. Har ya koma ga Allah, duk baƙon da ya zo sai ya ba shi labarin yadda ya zaga ruwaye har Rogo, ya gano da kansa cewa babu gas, alhali ga injiniya guda a gidan ya kasa cewa komai. Sau da yawa kana zaune a wurin, Abdulsalami, kuma ba ka taɓa gyara masa ba.