Ramin da Na Ce An Rufe

Ni mutum ne mai zafin fara aiki. In abu ya faɗo mini a rai da safe, kafin azahar na aro diga da shebur, na tara maƙwabta suna ba ni shawara. Ƙarasawar ce Allah bai ba ni ba. Duk wanda ya shiga gidana a Dogon Dutsi, shekarun da nake koyarwa a lakwal, wato makarantar bokon unguwarmu, ya ga shaida. Akurkin kaji ya daɗe babu ƙofa har kajin suka gaji suka koma kwana a kan bishiyar bedi, dashen mangwaro kuma ya bushe cikin leda yana jiran in haƙa masa gurbi. Matata takan ce da "gobe" tana gini, da tuni mun hau bene.

Waɗannan duk abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne ramin salga.

Tsohuwar salgarmu da ke kusa da zaure ta kusa cika, sai na sa aka haƙa sabon rami a lungun gabas, bayan bedin. Zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu. Saura a ɗaure bakinsa da bulo, a zuba masa murfin siminti. Ana cikin haka Baba ya zo cin kasuwa daga ƙauyenmu na wajen Kiyeshe, a lokacin idonsa garau. Ya tsaya bakin ramin ya leƙa. Ni ne ɗansa na fari, ba ya kiran sunana, ba ya kallona in yana magana, don haka bedin ya kalla ya ce, "Tun ran gini tun ran zane. A ruhe shi kahin ruwa." Na ce in Allah ya yarda cikin satin nan.

Satin ya wuce. Na gicciya itatuwa a bakin ramin, na jera karan hatsi, na ɗora tsohuwar zana, wai na kwana biyu. Damina ta zo ta tafi, iska ta tara rairayi a kan zanar, har ciyawa ta tsiro. Wanda bai sani ba zai rantse ƙasa ce. Mu biyu ne a gidan, mun san wurin, muna kewaye shi. Da na je gida da salla, Baba ya ce, "Aikin nan hwa?" Bakina ya riga ni. Na ce, "An gama, Baba."

Daga baya ciwon yanar ido ya rufe masa ido biyu. Likita ya ce za a yi masa aiki, amma sai hawan jininsa ya sauka, kuma ya zauna kusa ana duba shi. Na je na ɗauko shi. Ranar da muka iso ya tsaya tsakar gida, ya juya kaɗan, ya ɗaga sandarsa ya nuna lungun gabas daidai, ko kuskure babu.

"Sabuwar salga can take, bayan bedi, ko?"

A nan ya kamata in faɗi gaskiya, amma na kalli farin idonsa na kasa. Na ce, "Can take, Baba, amma rina sun yi gida ciki. Kada ka je. Tsohuwar za ka riƙa shiga." Na kama masa hanyar, ya koyi bin bango har zaure. Da yamma na saro ƙaya na zagaye ramin. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa kuwa na san zurfinsa, ni na tsaya aka haƙa.

Na yi wa kaina alkawari magini zai zo ranar Asabar. Asabar ɗin aka yi suna a maƙwabta. Asabar ɗin da ta biyo, maginin ya tafi aiki Kore Mairuwa. Sai gyaran takardun jarrabawa ya taso. Dalilai ba su taɓa yi mini ƙaranci ba, amma na ainihin ban gaya wa kowa ba: makaho kunne gare shi. Ranar da aka fara kwaɓa siminti a gidan nan, Baba zai ji ƙarar shebur, zai tambaya me ake ginawa a wurin da aka gama. Ina tsoron ya faɗa ramin, ina tsoron ya san da ramin, tsoron nan biyu suka ɗaure ni na zauna ban yi komai ba.

Ban taɓa jin tsoro mai naci irin wannan ba. Ina rubutu a allo sai in ga sandarsa tana laluben rairayi, alli ya tsaya a hannuna, yara suna jira in ƙarasa jimla. Duk babur ɗin da ya tsaya ƙofar lakwal, sai in ce ni aka zo kira. Abinci ya daina yi mini daɗi. In na dawo ba na sallama sai na leƙa ta zaure na hango shi zaune kan tabarma tukuna.

Matata ita ke wuni da shi, ita kuwa suruka ce. Ba ta cin abinci a gabansa, in za ta ba shi ruwa durƙusawa take daga nesa ta tura kwanon. Wata rana ta tare ni a madafa, muryarta ƙasa-ƙasa, ta kira ni Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal.

"Mushe, in ya nuhi wurin nan kana lakwal, mi kake so in yi? In kama hannun surukina a hanyar salga?"

"Ba zai je ba. Na ce mai akwai rina."

"Manomi kake ba tsoro da rina?"

Na yi fushi, don gaskiya ta faɗa. Na ce ta bar ni in ji da abin da ke damuna.

Wata ranar Alhamis, rana ta kusa take tsaka, wayata ta yi ƙara cikin aji. Ita ce. "Taho yanzu. Baba ya roƙi garwashi a kasko, ya sa busasshen kashin shanu. Wai zai kore maka rina."

Ban tuna yadda na bar ajin ba, ban tuna hanyar ba. Na yar da babur ƙofar gida yana kuka. Da na shiga, ga matata tsaye nesa, hannu bisa kai, tana cewa, "Baba, don Allah ka dakata mai gida shi zo." Shi kuwa bai juyo ba, yana cewa, "Koma ɗaki, ɗiyata, nan ba wurinki ba ne." Ya riga ya janye ƙayar da sanda, ya buɗe hanya. Kaskon yana hayaƙi a hannunsa na hagu, ƙafarsa ɗaya tana gefen zanar.

Da gudu na isa na rungume shi ta baya, na ja. Tun da na yi wayo jikina bai taɓa nasa ba, ban san ya rame haka ba. Sandar da ya riga ya miƙa gaba ta huda zanar ta kuɓuce masa. Rairayi ya bi ta yana zuba, can muka ji ta faɗa ruwan da damina ta bari a ƙasa.

Ya tsaya cikin hannuna, kansa a karkace, yana saurare har rairayin ya gama zuba.

"Babu rina," ya ce.

"Babu, Baba."

"Sake ni."

Bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da na fi jin sauƙi. Washegari matata da kanta ta je ta kirawo wani magini, ba ta ko shawarce ni ba. Baba ya zauna gindin bedi yana jin ƙarar shebur, bai tambayi komai ba. Aikin da ya fi shekara yana jirana, kafin sati ya zagayo an gama shi. Na sayo masa sabuwar sanda, ya karɓa ya yi godiya kamar baƙo ya ba shi.

Jininsa ya sauka, aka sa ranar aiki. A asibiti suka karɓi sandar tun daga bakin baranda, suka ce in riƙe hannunsa in kai shi ƙofar ɗakin aikin. Barandar siminti ce sumul, ko tsinke babu a kanta. Na kama hannunsa, na ce, "Taka kawai, Baba, babu komai gabanka."

Ya tsaya cak. Ya miƙa ƙafa a hankali, ya taɓa simintin da yatsa, ya danna ya ji, sannan ya taka. Haka ya yi a taku na gaba, da na gabansa, har ƙofar ɗakin, ga wata ma'aikaciyar asibiti tana jiranmu, ga hannunsa cikin nawa.