Ranar da Na Ƙwace Sararin Gidanmu

Ni na buɗe akurkin da hannuna. Kuma ba mantuwa ba ce, dabarar yaƙi ce.

A hutun lakol ne, makarantu duk a rufe, yayana ya dawo Cadakori daga Maraɗi da waya cike da bidiyon yaƙi. Jirage marasa matuƙi, wasu ba su fi faifai ba, suna shawagi suna hango soja ko a rami ya shige. Yayana ya ce, "Yaƙin yanzu, wanda ya riƙe sama shi ya ci. Na ƙasa nama ne kawai."

Na ɗaga kai, sai ga shirwa tana kewaya gidanmu. Ashe mun daɗe cikin yaƙi ban sani ba! Ita ta ƙarar da 'yan tsakin kakata bara. Bana kaka ta rina sababbin da jar galura don kada shirwa ta gane su, ta kuma ba ni ɗaya mai baƙar ƙafa. A raina har ya zama zakara, har ya fara cara.

Ranar kasuwa kaka ta ɗauki kwandonta ta ce, "Maigida, kar ka sake su sai na dawo."

"Amarya, rini ai ɓuya ne. Ni sama zan ƙwace."

"Fara riƙe wandonka, ga shi yana zamewa."

Tana fita na sake su tsakar gida, don abokiyar gaba ta sauko in gama da ita. Na haye rumbu da danƙo, aljihu cike da busasshiyar laka. Na kafa wa sama ido har wuyana ya ƙage. Na harbi kurciya, na harbi leda, wani hankaka kuwa sai da na raka shi Najeriya. Ko ƙuda sai da izinina ya wuce.

Na ji kaza tana ta kururuwa a ƙasa, amma yayana bai ce a duba ƙasa ba.

Muryar kaka ce ta sauko da idona. "Janar, sauko ka duba sojojinka."

A gindin danga muzurun maƙwabta ne zaune yana lasar baki, gashin bakinsa ja jawur da galura.

"Ta ina ya shigo?"

"A ƙafa, maigida. Ta ƙarƙashinka."

Shirwa dai ba ta sauko ba ranar. Muzurun ya ci biyu, har da mai baƙar ƙafa, kaka kuma ba ta ba ni wani ba.